Filin Sitiyari da Sifana: "Injin ƙarami ne, ga turbo, anya zai kai ni Bauchi?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Abuja, iyayena suna Bauchi, kusan duk wata sai na je gaishe su ta hanyar Akwanga da Jos. Wani dila ya nuna mini Marsandi E250 doguwa, wagon, ƙirar 2012, shigowarta ke nan daga Turai. Injinta lita 1.8 ne mai turbo. Gaskiya raina ya biya. Amma yayan matata ya ce injin turbo ba ya ƙarko a ƙasar zafi, kuma wai inji mai lita 1.8 ba zai ja wannan jibgegiyar mota ba. Ita kuma uwargida cewa ta yi motar kamar ta asibiti. Yaranmu huɗu. In saya ko in haƙura?
Daga wani mai karatu, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maganar surukinka, don rabinta gaskiya ce, rabi kuma lissafin zamanin kafireto ne.

Mu da muka taso muna kwance injin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kakuri, Kaduna, mun saba auna ƙarfin mota da girman injinta. Lita biyu ce da 504, ƙarfinta kuma bai kai doki 100 ba, amma ta yi shekaru tana jigilar mutum bakwai da kayansu daga Kano zuwa Maiduguri. Wannan Marsandin da aka nuna maka injinta bai kai na 504 girma ba, amma ƙarfinsa doki 204 ne. Nauyin motar ya haura kilo 1,700, duk da haka daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 wajen daƙiƙa 8 take yi. Saboda haka batun "ba zai ja ba" ka ajiye shi gefe.

Sirrin yana wajen iska. Inji ba fetur kaɗai yake ci ba, yana buƙatar iska ninki goma sha huɗu da wani abu na nauyin fetur ɗin da zai ƙona. Injin da ba shi da turbo zuƙar iskar yake yi da kansa, iya abin da silinda ta ɗauka shi ke nan. Turbo kuwa fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun tana ɗura iska cikin injin da ƙarfi, kamar maƙeri yana zuga. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905, kuma yawancin tirelolin da kake wucewa a hanya da ita suke hawa tudu cikin zafin watan Afrilu ba tare da kowa ya ce ba sa ƙarko ba.

Inda za ka fi jin daɗinta shi ne Hawan Kibo, hawan nan da ke tsakanin Akwanga da Jos. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, kuma duk hawan mita 300 injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa, saboda iskar sama ba ta da kauri. Shi ya sa za ka ji tsohuwar mota tana nishi a can, direba yana ta sauke giya. Mai turbo tana cike mafi yawan wannan giɓin. Ga kuma ƙarfin ja, wanda shi ne ainihin abin da direba yake ji a ƙafarsa: wannan injin yana ba da cikakken jansa, Nm 310, tun allurar juyin inji tana kan 2,000. Ma'ana in ka zo wuce tirela ba sai ka nitsa totur har ƙasa injin yana kururuwa ba. Akwai ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido kafin turbo ta kama, sai ka ji an dafa bayanka. Cikin sati ɗaya za ka saba, ka riƙa taka totur kafin ka fito daga bayan babbar mota, ba bayan ka fito ba.

Kada dai dila ya ruɗe ka da maganar rashin shan mai. In kana tafiya a natse, da gudun 100 zuwa 110, giya ta bakwai ta shiga, lallai za ta sha ƙasa da mai babban injin V6, mai silinda shida. In ka matsa mata, ko ka yini cikin cunkoson Nyanya da Mararaba da sanyin mota a kunne, bambancin ya kusa ɓacewa. Doki 204 sai sun ci abincin doki 204. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya koyi wannan lissafin da aljihunsa.

Yanzu ga rabin gaskiyar surukinka. Sandar turbo tana juyi sama da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke bugun ta yana iya kai zafin digiri 900, kuma abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wurin ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Zafin garinmu na digiri 42 wasa ne a wajenta. Abin da ke kashe ta man juye ne na bakin titi wanda ake aunawa a galan, da jinkirta juye har mai ya zama kamar kwalta, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe aka kakkaɓe aka mayar. A jikin galan ɗin man da za ka saya nemi lambar 229.5, ita kamfanin ya amince da ita. Littafin motar zai ba ka dogon zango tsakanin juye da juye, amma an rubuta shi ne don titunan Jamus. Ni a nan ba na bari a wuce kilomita 7,000.

An taɓa kawo mini wata mota mai turbo, ba zan faɗi ƙirarta ba, tana fitar da shuɗin hayaƙi kamar ana gasa tsire. Mai ita ya rantse ba ya wasa da juye. Da na buɗe, sai na tarar wani bakanike ya cire mata tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, wai don "ƙasarmu da zafi". Injin ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta tana ta ƙara fetur, fetur yana zurarewa yana tsinka mai, mai ya kasa riƙe sandar turbo. Naira kaɗan ya biya aka yi masa wannan taimakon. Duk wanda ya kawo maka wannan shawarar, ɗauki makullinka ka tafi.

Sai fetur. An ƙera injin ne don mai lamba 95, namu na gidajen mai yawanci bai kai haka ba. Motar ba za ta ƙi tashi ba, domin akwai na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji ta sa kwamfuta ta sassauta, sai dai ka rasa ɗan ƙarfi. Abin da ba ta yafewa shi ne man jarka mai ruwa ko datti, saboda kai tsaye take fesa fetur cikin silinda da matsi mai yawa, kuma famfon da nozul ɗin ba su da arha.

Abu biyu nake so ka duba kafin ka ba da ko sisi, kuma babu turbo a cikinsu.

Na farko sarƙar taimin, wadda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji. Wannan injin, wanda ake kira M271, an san shi da miƙewar sarƙa da cinyewar haƙoran da take hawa a kai. Ka je wurin dila da sassafe, kafin yaransa su tayar da motar, ka dafa bonet ka tabbatar da sanyi. A tayar kana tsaye. In ka ji kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku kafin sauti ya daidaita, sarƙar ta fara magana. Gyaruwa take yi, amma a cire kuɗin daga farashi. In kuwa ka iso ka tarar an riga an ɗumama ta, ka ce gobe ma rana ce.

Na biyu ƙafar baya. Wagon ɗin ba ta da sifirin na ƙarfe a baya kamar yawancin motoci, balan-balan ce ta iska da ɗan famfo mai hura ta, don ko ka loda kaya gindin motar ba ya zama. Abu ne mai daɗi ƙwarai, har ranar da roba ta tsufa. Motar da ta haura shekara goma, ka sa a ranka ko an canza ko ana gab da canzawa. Gwajin mai sauƙi ne: a bar ta ta kwana, da safe ka duba ko gefe ɗaya ya durƙusa. Ana samun kayan a kasuwannin Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas, wani lokaci a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma ba irin abin da za ka samu a Nabordo, kan hanyar Jos zuwa Bauchi, da daddare ba ne. A kuma duba lafiyarta da kwamfuta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dila ya zaɓa ba.

To, ga maganar Hajiya. A gaishe ta, a ce mata ba ita kaɗai ba ce. Idonmu ya saba ganin doguwar Volvo da jiniya a ka, da wagon ta tasha an ɗaure mata buhuna, shi ya sa muke ganin babban mutum sai salun ko jif. A Jamus kuwa irin wannan ita ce motar manajan kamfani da likita. Daga gaba har zuwa ƙofar baya ba abin da ya raba ta da salun ɗin da ake yi wa kallon girma: kujerun nan ne, shirun nan ne, zaman nan ne a kan kwalta. Kuma da yake ba ta da tsayin jif, ba ta yin tangaɗi a kwana, iska ma ba ta dukan ta sosai.

But ɗin ne zai sauya wa Hajiya ra'ayi. Lita 695 yake ɗauka kujeru suna tsaye, in an kwantar da na baya ya kai 1,950. Takwarorinta na lokacin, BMW 5 Touring da Audi A6 Avant, suna wajen 560 ne. Bakin but ɗin ƙasa-ƙasa yake, ba sai an ɗaga buhu zuwa ƙirji ba. Akwatunan Sallah, keken yaro, kulolin abinci, doyar da za ka saya a Akwanga, duk za su shige a rufe ƙofa. Sai dai faɗi daban, nauyi daban. Abin da aka yarda ta ɗauka wajen kilo 600 ne, har da ku mutanen ciki. In ku duka kuna ciki, buhun masara ɗaya daga Bauchi ya isa, kada Baba ya matsa a ƙara na biyu.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ba surukinka ba uwargida ba wanda ya ambata. Ku shida ne, kujerun motar biyar. Akwai waɗanda aka ƙera da ƙaramin benci a cikin but, mai kallon baya, na yara biyu ƙanana, amma ba kowacce ke da shi ba, kuma in ka buɗe shi wurin kayan ya tafi. Ɗaga shimfiɗar but ɗin ka gani. In babu, to yaro ɗaya zai yi tafiyar awa shida ba bel, a hanyar da ka fi ni sanin halinta. Ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. Sannan cikinta kusa yake da ƙasa. In gidanku na Bauchi a bakin kwalta yake, babu damuwa. In sai an ratsa burji da kwazazzabo da damina, za ka riƙa jin kowane dutse a haƙarƙarinka.

Hukuncina: in tafiyar wata-wata kai kaɗai kake yi ko da mutum biyu-uku, sarƙa ta yi shiru, baya bai durƙusa ba, kuma za ka iya ware kuɗin gyara a gefe bayan ka biya, saye ta, za ka ji daɗin da ba ka taɓa ji ba a hanyar Jos. Ka kuma nemi ragi sosai, domin wagon ba ta da kasuwa a nan kamar salun, dilan ya san haka, kai ma za ka sani ranar sayarwa. In kuwa iyalin gaba ɗaya ake ɗiba kowane wata, nemi Sienna, ka bar wa wani Marsandin.

TAMBAYA: Malam, na ga wata an rubuta E250 CDI, wata kuma E250 CGI. Kuskuren rubutu ne?
Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ba kuskure ba ne, ɗana, kuma harafin nan ɗaya ya isa ya kashe inji a gidan mai. CGI ta fetur ce, ita muka gama magana a kai. CDI ta gas ce, wato dizal, injinta ya ɗan haura lita 2.1. Dokinsu ɗaya, 204, amma jan ta gas ya kai Nm 500, kuma ta fi tsimin mai nesa ba kusa ba. Matsalarta a nan matatar hayaƙi ce da aka sa mata saboda dokokin Turai, wadda gas marar tsabta da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suke toshewa. Buɗe murfin tanki, a rubuce yake a ciki.

TAMBAYA: Maigidana ya ce dole in bar mota mai turbo ta yi minti goma tana aiki da safe kafin in fita, in na dawo ma haka. Kullum sai na makara kai yara makaranta.
Daga wata malamar asibiti, Katsina.

AMSA: Hajiya, a ba Alhaji haƙuri, fetur kawai ake ƙonawa. Da safe rabin minti ya isa mai ya zagaya, sai ki ja a hankali, kada ki matsa totur sai allurar zafi ta tashi. Inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Wajen kashewa ne yake da 'yar gaskiya: in kin sha gudu a babbar hanya, misali daga Kano, kika tsaya kai tsaye a gidan mai, ki ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ki murɗa makulli, don man da ke cikin turbo kada ya tsaya cak ya ƙone a kan sanda mai zafi. Amma daga makarantar yara zuwa gida, layin unguwarku ma ya riga ya huce da ita. Ki kashe ki shiga.