Lambar da ke jikin kwalin waya

Ɗana, ka tambaye ni ma'anar alamar sifana da lambar da ka gani a kwalin wayar da aka kawo daga Faransa, kuma ko za mu iya dogara da ita a nan Garwa ta Kamaru.

Wannan lamba awon sauƙin gyara ce, wadda dokar Faransa ta fara wajabtawa a ranar 1 ga Janairun 2021 a kan wayoyi, kwamfutocin hannu, talabijin da injin wanki. Manufar ita ce kaya su daɗe suna yawo a hannun mutane, a gyara su, a sake sayar da su, a ciri abin da ke da amfani a jikinsu, maimakon su tafi bola da wuri. Ana ba da maki daga 0 zuwa 10, bayan an duba ko kamfani ya fitar da takardun gyara, ko na'urar tana kwancewa da kayan aikin da kowane mai gyara yake da su, ko akwai kayan canji da farashinsu, sai kuma abin da ya keɓanta da irin na'urar, kamar sabunta manhaja.

Awon kwancewa na yarda da shi, domin wayar da aka manne batirinta da gam a Faransa haka za ta iso teburinmu a manne, kuma wadda aka ɗaure da kusoshi za ta buɗe maka ba tare da ka fasa gilashi ba. Amma makin kayan canji na kasuwarsu ne. Gilashin da ake samu cikin kwanaki a Faris, mu sai mun aika Duwala ko Najeriya, kuma kafin ya iso kuɗin mota da na kwastan sun hau kansa. Ka kuma sani cewa kamfanin da ya ƙera wayar shi yake lissafa makinsa da kansa, hukuma tana bincike ne daga baya.

Saboda haka idan waya ta zo hannunka, ka duba tsawon lokacin da buɗe ta ya ci maka, ka kwatanta kuɗin gilashi ko batir da kuɗin sabuwa, domin da zarar gyara ya kusa rabin farashi, yawancin masu waya sukan haƙura su sayi wata. Idan ta mutu gaba ɗaya, ka ware lasifika, kyamara da bakin caji a akwatin kayan canji, batirin kuwa ka ajiye shi daban, nesa da zafi.