Ruwan wankin ƙarfe da asarar da na yi

Ka tambaye ni, ɗana, ko sharar masana'antu za ta iya fitar da manganis, wato ma'adinin da ake haɗawa da ƙarfe, daga dutse, don ka gani a wayarka cewa abin kyauta ne. Za ta iya, amma kalmar kyauta ita ce ta taɓa min tsohon miki.

Baƙin dutsen manganis ba ya narkewa a ruwan batir shi kaɗai, sai an haɗa da abin da zai karya taurinsa: garin katako, ko baƙin ruwan rake da masana'antar sukari ke zubarwa, ko ruwan asid da aka wanke tsatsar ƙarfe da shi. Wani nau'in dutsen manganis mai suna kabonet, da ake haƙowa yanzu a Nsuta ta ƙasar Ghana, inda ake aiki tun 1916, ba ya bukatar wannan. Asid kawai zai sha ya yi kumfa. Niƙa dutsen da tankaɗe garinsa kuwa, wanda bai iya su ba ya koma gida.

Wata shekara wani dillali ya kawo min ganga 40 na ruwan wankin ƙarfe, yana rantsuwa cewa jiya aka ɗebo shi. Ganga ɗaya ya buɗe min, na ga ruwa kore shar, na biya, domin kore shi ne alamar ƙarfen da ke ciki yana da ƙarfinsa. Ashe sauran sun yi watanni a buɗaɗɗen tanki, iska ta cinye su har sun koma kalar tsatsa, ya kuma ƙara musu ruwan famfo. Kwana uku muna juyawa muna ba shi wuta, dutsen yana kwance baƙi ƙirin kamar yadda muka zuba shi. Da na zuba farar ƙasa don ƙarfen ya kwanta, sai jan laka ya cika tankin, ɗan manganis ɗin da ya narke bai kai kuɗin itace ba. Mutumin har yau yana gaishe ni a masallaci, ba kunya.

Ku yaran yanzu kun fi son a faɗa muku adadi ku rubuta. Ka buɗe kowace ganga, ka ɗebo daga ƙasa da sanda, ka gwada a kwalba da cokali ɗaya na garin dutse kafin ka taɓa aljihunka. Farar ƙasar kuma a hankali ake zuba ta, domin idan ka zarce, manganis ɗin ma zai bi ƙarfen cikin laka.