Ga wadda burinta na sabuwar shekara ke mutuwa kafin Maris

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce duk farkon shekara kina cika takarda da buri, kafin Maris ya ƙare kin daina ko duba ta, har kin fara zargin kanki da lalaci. Kada ki ɗora wa kanki wannan. Na daɗe a cikin irin halin da kike ciki.

A da abu goma nake rubutawa: sauke Alƙur'ani, sayen keken ɗinki, rage ƙiba, komawa makaranta, da sauransu. Duk masu kyau ne, amma babu ko ɗaya da ya nuna mini abin da zan yi idan gari ya waye.

Malamarmu ta Islamiyya ce ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Idan kina karanta shafi 3 kullum, cikin kwana 202 kin sauke. Ko da shekarar Musulunci mai kwana 354 kike ƙirga, kina da rarar kwana sama da 150 na fashin salla, jinya, biki da suna. Wannan rarar ce ta cece ni, domin a da idan na yi fashin sati ɗaya sai in ga kamar komai ya rushe, in ajiye gaba ɗaya. Ta kuma hana ni cewa "idan na samu lokaci". Bayan sallar Asuba ne, kafin in tashi daga kan sallaya, kafin in ɗora ruwan wankan yara, kafin in taɓa waya. Har yau a jikin sallayar nake ajiye Alƙur'anin. Ta tuna mini hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Maganar kuɗi kuwa ta fi ba ni wahala. Farkon 2023 na sayi asusun ƙasa ina jefa naira 500 kullum. Sai ga canjin kuɗi, aka ce tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000 za su daina karɓuwa. Dole na fasa shi, ɗan abin da ke ciki ya tafi a cefane. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kaya suka tashi, keken ya ƙara yi mini nisa. Wallahi na yi kuka.

Daga baya na shiga adashi da mata tara a unguwarmu, zubin naira 5,000 duk Juma'a. Asusu ba ya tambayarki don me yau ba ki saka ba. Uwar adashi kuwa da la'asar yarinyarta na tsaye a bakin ƙofa, kuma kunyar a ce ke kika riƙe wa mutane kwasa ta isa ta hana ki sayen atamfar da ba ki shirya mata ba. Kwasar farko na ba mai shago kafin alƙalami, zagaye na gaba na cike. Na roƙi a ba ni kwasata kafin azumin 2024, wanda ya kama a watan Maris, don keken ya zo daidai da ɗinkin salla. Sai dai ki tabbata matan da kika sani ne ciki da bai, an sha cinye kuɗin mutane.

Bana ki zaɓi biyu kawai daga takardarki. Ki duba watan da azumi, layya da kuɗin makarantar yara za su faɗo, ki rage zubi a lokacin tun yanzu. Idan kin faɗa mini abin da ke shigo miki a sati, sai mu lissafa zubin da ba zai takura ki ba.