Tamal ɗin Meksiko a madambacin Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Na ga wani abincin mutanen Meksiko a talabijin mai suna tamal, wanda ake naɗe ƙullin masara da nama a cikin ɓawon masara a turara. Na gwada shi da garin da muke tuƙa tuwo, sai ya fito da tauri, kuma ya manne wa ɓawon. Ina matsalar take, kuma wane haɗi zan iya sawa a ciki daga abin da ake samu a kasuwarmu? Daga wata uwargida, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Matsalar tana ga ƙullin, domin mutanen Meksiko da Gwatamala ba sa yin tamal da garin ɗanyar masara. Tun zamanin Aztek da Maya, tsoffin al'ummomin yankin, sukan tafasa busasshiyar masara a ruwan farar ƙasa (wato laim, wanda suke kira "cal") ko ruwan toka, su bar ta ta kwana a ciki, sannan su wanke su markaɗa ta tana jiƙe. Wannan dahuwa ce take saɓule fatar ƙwayar, ta sa ƙullin ya haɗe jikinsa ya yi ƙamshi, kuma tana sakin sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin B da jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai a masarar da ba a yi wa haka ba.

A can, giram 10 na farar ƙasa ta abinci ake sa wa kilo 1 na masara. Kada ki kuskura ki ɗauko ta magina. A wurinmu tataccen ruwan tokar itace ya fi sauƙin samu, kuma na fi son sa a kan kanwa, wadda ɗanɗanonta yake fitowa fili idan hannu ya zarce. Ki tafasa masarar kamar minti 30, sannan ki murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu. Idan ta koma rawaya kuma fatar ta zame, sai ki sauke. Washegari ki wanke ta sau uku ko huɗu har santsin ya tafi, ki kai inji, ki roƙi mai injin kada ya cika mata ruwa.

Abu na biyu shi ne mai. A can galibi da kitsen alade ake yin sa, wanda ba namu ba ne, amma man shanu yana tsaya masa sarai. Ki auna giram 250 ga kowane kilo na ƙulli. Da yake zafin garinmu narkar da shi yake yi, sai ki sa shi a firji ya ɗan daskare, ki buga shi da muciya har ya yi fari ya tashi, sannan ki riƙa zuba ƙullin kaɗan-kaɗan tare da gishiri, da ƙaramin cokali biyu na bekin foda, da romon nama mai ɗumi. Ki gutsuri kaɗan ki jefa a kofin ruwan sanyi. Idan ya taso sama ya yi, idan ya nutse kuwa da sauran bugu.

Game da haɗin ciki, mutanen Meksiko suna sa kaza da koriyar miya, ko nama da jan barkono, ko cuku da yankakken tattasai, har da mai zaƙi wanda ake sa wa sukari da zabibi. Ke kuma kina da busasshen tattasan Diffa: ki jiƙa shi, ki markaɗa da tafarnuwa da albasa, ki soya, ki zuba dafaffen naman rago da kika yagalgala da hannu. Zogale da ƙuli-ƙuli ma suna tafiya da masara ƙwarai. Cukunmu busasshe ne, ba ya narkewa, saboda haka sai an farfasa shi an jiƙa kafin a haɗa da tattasai. Na yara kuma, dabinon da aka cire wa ƙwallo ya wadatar. Ko wanne kika zaɓa, ya kasance dafaffe, mai kauri, kuma ya huce, domin miya mai ruwa tana jiƙa ƙullin ta hana shi kamawa.

Busasshen ɓawon masara sai ya sha ruwan zafi na awa ɗaya kafin ya naɗu. Idan babu shi, ganyen ayaba da aka ɗan gasa a wuta ya yi, kuma da shi mutanen jihar Wahaka ta Meksiko suke naɗe nasu. Ki shafa ƙullin da bayan cokali a faffaɗan gefen, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita, ki ɗora haɗin a tsakiya, ki haɗe gefe biyu, ki lanƙwasa tsinin. Kada ki cika shi kamar alala, saboda yana kumbura.

Ki jera su a tsaye cikin madambaci, buɗaɗɗen bakin yana sama, ki rufe da sauran ɓawo da tsumma mai tsabta, su turaru awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Matan Meksiko sukan jefa kwabo a gindin tukunya, muddin yana ƙara to akwai ruwa, idan ya yi shiru sai a ƙara tafasasshe. Ki ciro ɗaya ki bar shi minti 10. Idan ɓawon ya rabu da shi ba tare da mannewa ba, ya nuna, ki sauke sauran.