Gidajen da banki ya ƙwace: ta wace ƙofa sabon dillali zai shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Yaya. Ni dillaliyar gidaje ce a jihar Jojiya ta Amurka, shekarata biyu da samun lasisi. Gida bakwai na sayar zuwa yanzu, duk na mutanen da suka sa nasu a kasuwa don raɗin kansu. Ina so in shiga harkar gidajen da bankuna ke ƙwacewa daga waɗanda suka kasa biyan bashi, don an ce mini wanda ya samu banki ɗaya ya huta da yawon neman kwastoma. Na yi rajista da kamfanoni tara masu raba wa dillalai irin waɗannan gidaje, har na biya kuɗin wani kwas a intanet, amma wata takwas ke nan ko waya ba a yi mini ba. Kowa cewa yake sai wanda ya ƙware. To in ba a ba ni aikin ba, a ina zan ƙware?

Ƙanwarka daga Jojiya

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wanda ya ce miki an huta, ki tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan da aka yanke wa wuta wata huɗu, da nama a cikin firji. Ni na shiga, kuma rigar da na sa ranar ban sake sa ta ba.

Bari in fara da abin da ya sa wayarki ba ta ƙara. A jiharku ba sai an je gaban alƙali ake ƙwace gida ba. Ana buga sanarwa a jaridar gunduma mako huɗu a jere, sannan a yi gwanjo a ƙofar kotu ranar Talatar farko ta wata. In ba wanda ya taya sama da abin da banki ya sa, gidan ya koma hannunsa, shi ne 'yan harkar ke kira REO. Daga nan manyan bankuna ba sa neman dillali da kansu. Sukan miƙa gidan ga kamfanin kula da kadara, a can kuma akwai ma'aikaci ɗaya da tarin fayiloli a gabansa, ana auna ƙoƙarinsa da yawan kwanakin da kowane gida ya yi bai fita ba. Wannan bawan Allah ba shi da lokacin koya wa kowa aiki. Wanda ya saba da shi zai kira, kuma da yawa daga cikin waɗannan sun shiga ne tun rikicin bashin gidaje na 2008, lokacin da gidaje suka fi dillalai yawa. Wanda ya riga ki barci dole ya riga ki tashi.

Kuma kasuwar kanta ta tsuke. A 2010 bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan ɗaya a Amurka. Daga baya abin ya yi ta raguwa, ga shi a 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da ƙwace gidajen da ta tsaya wa bashinsu saboda annobar korona, har zuwa ƙarshen Yulin 2021. Farashin gidaje ya hau, don haka wanda bashi ya sha kansa yakan sayar da gidansa da kansa, ya biya banki, har ya tsira da canji. Tsofaffin hannu ma yanzu wawason ɗan abin da ya rage suke yi. Saboda haka shirun da aka yi miki ba raini ba ne.

Abin da na fi so ki gane shi ne, sunan aikin dillanci, amma rabinsa gadi ne da aikin ɗan kwangila, kuma da kuɗin aljihunki. Ana turo miki adireshi, cikin kwana ɗaya ko biyu ana son ki je ki tabbatar ko da mutane a ciki. In babu kowa, ke za ki sa a canza makullai, a kwashe tarkace, a yanke ciyawa, ki mayar da wuta da ruwa da sunanki. Duk mako hotuna, duk wata rahoto. Ki biya, ki tura rasit, ki zauna jira wata ɗaya, wani lokaci biyu ko uku. La'adar kuma sai ranar da aka sayar, galibi ba ta kai ta gidan da kika saba ba, kuma kamfanin da ya ba ki aikin yakan yanki nasa a ciki.

Gida na uku da aka taɓa ba ni a wata jiha mai sanyi yake. An ba ni shi ranar Alhamis, na ce Litinin zan kira mai gyaran famfo ya zuƙe ruwan bututu. Daren Asabar sanyi ya sauko, ruwan ya daskare, bututun banɗakin sama ya fashe. Da na buɗe ƙofa ranar Litinin, silin falo na tarar a ƙasa, kafet yana tsotson takalmi. Na biya gyaran gaggawa daga aljihuna, na tura rasit, aka ce na wuce wa'adin turawa da kwana biyu. Ko sisi ba a mayar mini ba. La'adar gidan gaba ɗaya ba ta rufe ramin ba. Tun daga ranar, ba na karɓar gida sai ina da kuɗin riƙe shi na wata uku a ajiye, kuma rasit ba ya kwana a motata.

In kuwa da mutane a ciki, nan ne aikin ke da nauyi a zuciya. Ke ce za ki ƙwanƙwasa ƙofa. Wani lokaci mai gidan ne, wani lokaci ɗan haya ne da yake biyan kuɗinsa cif, bai ma san an ƙwace gidan ba. Na taɓa samun wata dattijuwa ta ɗauko mini rasit ɗinta na wata goma sha huɗu a cikin leda, tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya, kamar ni ne alƙali. Banki kan ba da kuɗin sallama don mutum ya tashi cikin lalama ya miƙa makulli, ke ce mai kai saƙon. Amma ki kiyaye: akwai dokar tarayya ta 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018, da ta ba ɗan haya na gaskiya sanarwar aƙalla kwana 90. Kada ki kuskura ki canza makullin gidan da ake zaune a ciki don wani ya matsa miki a waya. Ranar da magana ta je kotu, lasisinki ne a gaba, shi yana ofishinsa.

To ta ina ake shiga? Ƙofar da na bi ita ce ƙiyasin farashi, abin da ake kira BPO. Banki na son sanin darajar gida, sai a turo ki ki ɗauki hotuna, ki nemo gidaje uku makamantansa da aka sayar kwanan nan da uku da ke kasuwa, ki faɗi nawa zai yi. Kuɗin ba shi da yawa, in kin cire mai da lokacinki kusan aikin lada ne. Amma ta nan sunanki ke shiga kwamfutarsu, a ga ba kya makara, a ga farashinki na dacewa da yadda gidan ya fita daga baya. Kada ki kumbura farashi don a ji daɗinki, za a gane. Ki fara duba dokar jiha da sharuɗan inshorarki ta aiki tukuna, don wasu jihohi sun taƙaita wannan aiki.

Hanya mafi sauri ita ce ki nemi tsohon hannu ki yi shekara ɗaya a ƙarƙashinsa, kina yi masa zirga-zirgar duba gidaje. Za ki ji kamar an mayar da ke baya, amma a ƙarshe kina da amsar da za ki ba mai tambayar ƙwarewa. Ƙananan bankunan gari ma kada ki raina su. Gida biyu ko uku suke da shi a shekara, ba su da kamfanin tsakiya, kuma mai yanke hukunci yana nan a ofis, za ki iya gaishe shi ido da ido. Sannan ba wanda ya hana ki kawo mai saye: gidajen da suka koma hannun Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu masu sayen bashin gidaje daga bankuna, suna shafukansu na intanet, na farkon a HomePath, na biyun a HomeSteps, na HUD, wato ma'aikatar gidaje ta tarayya, kuma sai kamfanin da kike aiki a ƙarƙashinsa ya yi rajista da ita kafin ki taya wa wani. Kowane ciniki irin wannan yana shiga tarihin aikinki.

Kwas ɗin da kika biya, to, an riga an biya. Kada dai ki ƙara wani.

Talatar farko ta watan gobe ki je ƙofar kotun gundumarku da littafi da biro. Ki rubuta gidajen da ba a taya ba da sunan bankin da kowanne ya koma wa. Bayan 'yan makonni ki duba wane dillali ne ya kafa allonsa a gabansu. Sunan da kika ga ya fito sau uku, shi za ki kira.