Tambayoyinku: Ina so in riƙa zagawa da baƙi fadamar Argungu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Argungu ne, na gama NCE ban samu aiki ba. Duk lokacin bikin kamun kifi ina ganin baƙi suna yawo ba mai yi musu bayani, hoto kawai suke ɗauka su koma. Ina so in riƙa kai su fadama da bakin gulbi ina nuna musu tsuntsaye da itatuwa, in mai da shi sana'a. Mi ya kamata in fara da shi, kuma dole ne sai na yi kwas?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi tambayarka ta yi min daɗi. Makarantarka ta farko masunta ne. Je ka gaida Sarkin Ruwa da dattawan su, ka faɗa musu niyyarka ka nemi izini, ka zauna ka saurara, don abin da suka sani game da ruwan nan ba za ka same shi a intanet ba.

Tarihi kam dole ka riƙe shi daidai. An fara bikin a 1934, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ginin gidan tarihi na Kanta kuma tun 1831 yake, fadar sarki ce kafin a mai da shi gidan tarihi. Amma in ka tsaya kana zuba wa baƙo shekaru kamar mai karanta hadda, kafin ku kai bakin ruwa ya koma kan wayarsa. Aikinka shi ne ka sa ya ga abin da ke gabansa da kyau. Ku tsaya a Matan Fada, gulbin da ake kamun kifin bikin, ka tambaye shi, a ganinsa me ya sa ake samun giwan ruwa manya haka a nan? Bar shi ya yi ta canka, sannan ka gaya masa ai an hana kamun kifi a wurin sai ranar biki, kifi yana samun sararin girma, kenan kakanninmu sun san kiyaye ruwa tun kafin a zo ana taron bita a kai. Ka miƙa masa homa, wato ragar kamun kifi, ya riƙe, ya ga yadda masunci ke kwanciya kan gora yana iyo da shi kuma cikin goran yake zuba kifin. Ko ku tsaya gindin gawo da rani ya gan shi kore shar alhali sauran sun kaɗe, ka ce masa da damina shi kuma yake zubar da ganye, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero na yin kyau a ƙarƙashinsa. Kowace fita ka ba ta magana ɗaya da za ta bi tun daga farko, misali yadda gulbin nan ke ciyar da gari, kifi da shinkafar fadama da dabbobin makiyaya, duk tsayawar da za ku yi ta koma kanta.

Tsuntsaye ka fara da waɗanda ka sani, belbela, zalɓe, kirinjijiya, dinya, da shamuwa mai zuwa gab da damina. Ka koyi sunansu na Turanci a hankali. Wanda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, kar ka ƙirƙira.

Sai tsari, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Ka bi hanyar da ƙafarka kafin ka kai kowa, ka san inda inuwa take, inda za a yi sallah, inda mata za su kewaya, ka fita da sassafe don lokacin tsuntsaye ke kiwo rana kuma ba ta yi zafi ba. Kar ka ɗauki mutane da yawa har na baya ya kasa jin muryarka. In da shiga kwale-kwale, rigar kariya daga nutsewa ga kowa kuma ban da lodi fiye da kima, mun sha jin haɗarin jirgi a Kebbi, wajen Yauri ga dorina ma. Batun tsaro ba wasa, ka tambayi mai gari da jami'an tsaro ranar da za ku fita, in sun ce a'a to an fasa, ko an riga an biya ka mayar da kuɗin. Mai jirgi da masuncin da ya yi bayani ka yanka musu kasonsu tun kafin a tashi, kar baƙi su ɗauki mata hoto ba izini, ledar ruwa kuma a dawo da ita gida.

Kwas ba dole ba ne kafin ka fara, amma yana ƙara maka daraja, akwai cibiyar gwamnatin tarayya NIHOTOUR mai horo kan harkar yawon buɗe ido, ka kuma nemi horon taimakon gaggawa wurin Red Cross. Kar ka jingina da biki kaɗai, ka tuna bayan na 2009 sai 2020 aka sake yi. Je ka ga hedimastoci da malaman jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero ka ba su tsarin fitar rabin yini da farashinta a rubuce, ɗalibai suna nan duk shekara.