Me ya sa aka yi wa gadar Hartland rufi?

Tambaya: Na ga hoton gadar katako ta garin Hartland a ƙasar Kanada, an yi mata rufi da bango kamar dogon zaure. Don a kare matafiya daga dusar ƙanƙara aka yi haka, ko kuwa ado ne kawai?

Amsa: Ba don matafiya aka yi rufin ba, don katakon ne. Babban abin da ke kashe katako shi ne ya jiƙa yau, ya bushe gobe, ya sake jiƙa. Ruwa yakan shiga mahaɗar katakai ya kwanta, daga nan ruɓa take farawa, ta ciki, inda ido ba ya gani. Gadar katako da aka bari a fili da wuya ta wuce shekara 20, amma mai rufi tana iya haura 100. Duk mai soro ya san haka: azara tana daɗewa matuƙar rufi bai fara yoyo ba.

Ita wannan gada tana kan kogin Saint John a lardin New Brunswick. Tsawonta mita 391, kuma an san ta a matsayin gada mai rufi mafi tsawo a duniya. Mutanen yankin ne suka kafa kamfani suka gina ta, aka buɗe ta a 1901, ba rufi, ana biyan kuɗi kafin a haye. A 1906 gwamnatin lardi ta saye ta. A watan Afrilu na 1920 ƙanƙarar da kogin ya kwaso ta karya sashe biyu daga cikin bakwai. A gyaran da ya biyo baya ne aka yi mata ginshiƙan kankare, aka kuma rufe ta, aikin ya kammala a 1922.

Inda gwanintar take shi ne cikin bangon. Tsarin William Howe ne, Ba'amurke da ya yi rajistar fasaharsa a 1840. A kowane gefe akwai dogon katako a sama da wani a ƙasa, tsakaninsu an gicciya katakai, sannan ga sandunan ƙarfe a tsaye masu noti. Katako yana jure danniya, ƙarfe yana jure ja, sai Howe ya ba kowa aikin da ya iya. Idan katako ya bushe ya motse, gadar ta fara sako-sako, ma'aikaci zai ɗauki sifana ya ƙara ɗaure notin, shi ke nan. A ganina wannan sauƙin gyara ne ya sa kamfanonin jirgin ƙasa suka rungumi tsarin. To wannan ƙashin gadar ne rufin yake karewa. Sauya kwano da allunan bango ya fi sauya shi araha nesa ba kusa ba.

Ba kowa ne ya yi murna da rufin ba. Akwai waɗanda suka yi ta wa'azi cewa dogon wuri mai duhu zai zama maɓoyar samari da 'yan mata.

Batun dusar ƙanƙara kuwa, rufin ma wahala ya ƙara. A wancan zamani, a lokacin hunturu keken da dawakai ke ja ba shi da taya, sulɓi yake yi a kan dusar, don haka sai an ɗebo ta an shimfiɗa a cikin gadar kafin a iya wucewa.